Yadda Nature da Science suka samu sarautar mujallun kimiyya

Yau idan takardar masani ta fito a Nature ko Science, har sanarwa jami'arsa take fitarwa. Amma dukansu biyun da talauci suka fara. Norman Lockyer, masanin taurari, shi ya fitar da Nature a Landan ranar 4 ga Nuwamba, 1869, kuma kamfanin Macmillan ya yi shekaru kusan 30 yana tafka asara a kanta. Science kuwa da kuɗin Thomas Edison aka kafa ta a Amurka a 1880. Ta durƙushe, Alexander Graham Bell ya ɗaga ta, ba ta zauna da gindinta ba sai da ƙungiyar masana kimiyyar Amurka ta rungume ta a 1900.

A wancan zamani martaba tana Jamus. Takardun Einstein na 1905 da Jamusanci suka fito, a Annalen der Physik. Yaƙe-yaƙen duniya guda biyu, da korar malamai Yahudawa da gwamnatin Hitler ta fara a 1933, su suka karkata akalar kimiyya zuwa Ingilishi.

Abin da ya ɗaga Nature a ganina sauri ne. Mako-mako take fitowa, don haka mai tsoron kada wani ya riga shi sai ya aika gajeriyar wasiƙa. Ta haka James Chadwick ya sanar da gano ƙwayar niyutiron a 1932. Takardar Watson da Crick kan siffar DNA, ta 25 ga Afrilu, 1953, shafi ɗaya ce da ɗan ɗoriya, kuma ba a aika ta ga masu tantancewa na waje ba. Sai a 1973 edita David Davies ya mai da tantancewar dole.

Labarin da ya fi tsaya min a rai shi ne na Hans Krebs, ɗan gudun hijira daga Jamus da ke aiki a Sheffield. A 1937 ya aika wa Nature bayanin yadda ƙwayoyin jiki ke sarrafa abinci ya zama kuzari. Aka maido masa, wai wasiƙun da ke layi sun isa su cika mujallar na makonni bakwai ko takwas. Ya kai aikin Enzymologia, wata ƙaramar mujalla a Holand. Aikin nan ne ya ba shi lambar Nobel a 1953, kuma har gobe duk ɗalibin likitanci sai ya haddace shi. Ƙanƙantar mujallar ba ta rage masa komai ba.

Daga baya lissafi ya shigo. Eugene Garfield ya ƙirƙiro ma'aunin tasirin mujalla: a ƙirga sau nawa aka ambaci takardunta na shekaru biyu da suka wuce, a raba da yawan takardun. An fara buga jadawalin a 1975, domin masu kula da laburare su san wadda za su saya da ɗan kuɗinsu. Sai kwamitocin ƙarin girma suka ɗauke shi suna auna mutane, kamar mai sayen hatsi da ya dubi buhu bai zura hannu ciki ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin takardu ƙalilan ne ke jan yawancin ambaton, kuma babban suna bai hana ɓarna ba: Science ta janye takardun bogi na Hwang Woo-suk a 2006, Lancet ta janye ta Andrew Wakefield kan allurar rigakafi a 2010, bayan shekara 12 tana tsorata iyaye.

A 2013 Randy Schekman, a shekarar da ya karɓi Nobel, ya ce ɗakin bincikensa ya daina aika wa Nature da Cell da Science aiki. Shi yana da halin yin hakan. Ƙaramin malami a Zariya ko Kano, da ake tambayarsa inda ya buga kafin a duba me ya gano, ba shi da wannan halin. Kuma a 2021 Nature ta sa Yuro 9,500 ga mai son kowa ya karanta takardarsa kyauta.