Daga Bakin Zugazugi Zuwa Sansanin Kusalla: Koyon Sana'a a Karaye da Rogo

A ƙasar Karaye ta da, tun Rogo na cikinta ba a yanke mata ƙaramar hukuma ba, ba a tambayar yaro abin da zai zama in ya girma. Gidansu ya riga ya ba da amsa.

Ɗan maƙeri da zuga yake farawa. Zai wuni a bakin zugazugi, hayaƙin gawayi na cin idonsa, yana kallon yadda baba ke zaro jan ƙarfe da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera. Sai kafaɗarsa ta yi ƙwari a miƙa masa masaba, sai ya daɗe yana dukan ƙarfe a bar shi ya fitar da lauje ko fartanya. Ranar da manomi ya dawo ya ce, "Malam, wannan garmar ta yi, wa ya ƙera ta?" ranar ya ci jarrabawarsa. Haka abin yake a masaƙa, da marina, da majema. 'Yan mata kuma a gaban iyayensu suke koyon gurzar auduga da kaɗi da mazari. Da damina kowa ya nufi gandu, da rani a koma sana'a, ko a tafi cin rani.

Ba ƙaramar harka ba ce. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya tarar da tufafin ƙasar Kano suna kaiwa har Tumbutu da Tarabulus, kuma yawancin zaren da saƙar daga karkara suke fitowa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya tafi da gyaɗa, ya dawo da yadin kanti. Audugar da a da ake kaɗawa a tsakar gida ta fara bin hanyar injinan gurza na Zariya da Funtuwa. Masaƙa ba su tashi dare ɗaya ba, sun dai yi ta raguwa. Farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka karya noman kuɗi, ga kuɗin fetur yana kiran samari birni. Ɗa ya fara ce wa uba a raba gandu, kuma da gandu ya watse, ajin koyon sana'a ya watse tare da shi.

Boko ne ya kamata ya cike gurbin. A 1976 aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1982 kuma tsarin 6-3-3-4, wanda aka ce zai koya wa ɗan ƙaramar sakandare kafinta da aikin lantarki. An sayo injuna daga Turai, amma a makarantu da dama na ƙasar nan a cikin akwatunansu suka yi tsatsa: ba wuta, ba malamin da ya san kansu. A nan aka yi babbar asara. An ɗauke yaro daga maƙera, ba a kai shi wani wurin aikin hannu ba. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, da suke ɗaukar leburori daga ƙauye, su ma suka yi ta rufewa bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Saura acaba. Ita ma Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni a 2013, Legas ta tsananta nata hanin a 2020 da 2022.

Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a Karaye a 1992, ta buɗe ƙofar kamun kifi da noman rani. Abin lura shi ne, duk injin ban-ruwan da ya tsaya, wanda ke kwance shi ya mayar ba a aji ya koya ba. A gareji ya koya, wurin maigida, bayan ya gama aikin miƙa sifana da wankin noti. Tela da mai walda da mai gyaran waya, duk a kan wannan tsohuwar hanya suke renon yaransu, ba tare da kowa ya sa su a kasafin kuɗi ba.

A Kusalla ta ƙasar Karaye ne sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yake. Tun 2012 hukumar da ke kula da su ta sanya koyon sana'a a cikin horon mako uku da ake yi a irin waɗannan sansanoni: ɗinki, haɗa sabulu, kiwon kaji. Masu digiri daga Inugu da Ibadan ke zama a wannan aji. Saurayin Rogo da karatunsa ya tsaya a sakandare ba shi da kujera a ciki, domin sai da digiri ko babbar difloma ake shiga sansanin.