Cikon Haƙori na Kwamfozit: Tarihin Yaƙi da Yoyon Gefe

Kwamfozit shi ne cikon nan mai launin haƙori da likita ke cusawa a kogon haƙori yana da laushi, sannan ya haska masa shuɗin haske ya taurara. Haɗin abu biyu ne: danƙon roba, da garin gilas ko na silika da aka niƙa lukui. Tun da aka ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1960 yake tafe da wani aibi da har yau ba a raba shi da shi ba, wato tsukewa. Ƙwayoyin danƙon a warwatse suke kafin a haska su. Idan suka sarƙe da juna suka zama dogayen sarƙoƙi sai su matsu, cikon ya ragu da kamar kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na girmansa. Wanda ya taɓa ganin yaɓen ƙasa ya bushe ya janye daga jikin katakon ƙofa ya ga irin abin. A baki, 'yar kafar da ke buɗewa ido ba ya ganinta, amma ta ishi yawu da ƙwayoyin cuta su bi. Daga nan ake samun zogi in an sha sanyi, da baƙin layi a gefen ciko, wani lokaci har da sabuwar ruɓa a ƙarƙashinsa. Kusan duk dabarun zuba kwamfozit da na taurara shi an ƙirƙiro su ne don toshe wannan kafa.

Kafin kwamfozit

Amalgam, haɗin zaiba da azurfa da kuza da jan ƙarfe, shi ya riƙe turame tun ƙarni na 19. Ba ya manne wa haƙori. Siffar ramin da likita ya sassaƙa ce ke riƙe shi. Sai dai yana da wata baiwa: tsatsar da yake yi a hankali takan cike kafar gefensa, don haka yoyonsa raguwa yake yi da tsufa. Ga haƙoran gaba, inda baƙin ƙarfe ba ya kyan gani, an yi ta amfani da simintin silikat, wanda yawu ke cinyewa cikin 'yan shekaru.

A ƙarshen shekarun 1940 aka shigo da robar akirilik mai daskarewa da kanta. Ta yi kyau a ido, ta ba da kunya a baki. Tsukewarta ta fi ta kwamfozit nesa ba kusa ba, kuma zafi na kumbura ta ninki bakwai ko fiye da yadda yake kumbura haƙori. A 1952 Nelsen da Wolcott da Paffenbarger a Amurka suka nuna cewa idan aka sanyaya cikakken haƙori sannan aka ɗumama shi, ruwa na shiga yana fita ta gefen cikon. Ke nan duk kurɓar shayi mai zafi da ta biyo bayan ruwan sanyi tana tura ruwa ta wannan kafa. Daga wannan aiki ne yoyon gefe ya zama abin aunawa a ɗakin gwaji.

Asid da danƙo

Mutum biyu suka buɗe ƙofa. Michael Buonocore, a cibiyar haƙori ta Eastman da ke Rochester a jihar New York, ya lura cewa masana'antu kan wanke ƙarfe da asid ɗin fosforik kafin su shafa masa fenti. A 1955 ya buga sakamakon gwada haka a kan inamel, farin ɓawon haƙori: asid mai ƙarfin kashi 85 na tsawon daƙiƙa 30. Asid ɗin ya bar ƙananan ramuka da roba ke kwarara ciki ta kama. An ɗauki shekaru kafin likitoci su rungumi dabarar, kuma daga baya aka sauko da ƙarfin asid zuwa kashi 35 zuwa 37. Na biyun shi ne Rafael Bowen, wanda ya yi aiki a hukumar ma'aunai ta Amurka. Shi ya haɗa danƙon Bis-GMA, ya sami lasisin ƙirƙirarsa a 1962. Ƙwayoyin wannan danƙo manya ne, don haka tsukewarsa kaɗan ce in an gwada da akirilik, kuma garin silika da ya cuɗa a ciki ba ya tsukewa sam. Kamfanin 3M ya fito da Addent a 1964, Johnson & Johnson ya biyo da Adaptic a ƙarshen shekarun 1960.

Waɗannan na farko abubuwa biyu ne da ake gaurayawa, a cusa gaba ɗaya, a jira 'yan mintoci. Ba su da ƙarko a turame, suna canza launi, kuma gaurayawar na shigar da kumfar iska. Amma suna daskarewa a hankali, abin da ba a gane amfaninsa ba sai bayan an bar su.

Inamel ya yi biyayya ga asid, dentin da ke ƙarƙashinsa ya ƙi. Dentin jiƙaƙƙe ne, cike da siraran bututu da ke kai wa ga jijiyar haƙori, kuma na'urar haƙa kan bar masa wata shimfiɗar datti a sama. An daɗe ana tsoron asid zai kashe jijiya. Martin Brännström na Suwidin ya nuna cewa motsin ruwa a cikin bututun nan ne ke jawo zogi, kuma ƙwayoyin cutar da ke zama ƙarƙashin ciko mai yoyo sun fi sinadaran cikon laifi wajen kumburin jijiya. A Japan, Takao Fusayama ya ba da shawarar a 1979 a sa wa inamel da dentin asid tare, shawarar da Amurka da Turai suka daɗe suna ɗari-ɗari da ita. A 1982 Nobuo Nakabayashi ya bayyana siririyar shimfiɗar da ke samuwa idan danƙo ya ratsa zaren kolajin na dentin ya daskare a ciki. Wannan shimfiɗa ita ce ainihin hatimin ciko. John Kanca ya ƙara a farkon shekarun 1990 cewa in an busar da dentin ƙayau bayan asid, zaren kan kwanta ya hana danƙo shiga; a bar shi da ɗan danshi. Matsalar ita ce "ɗan danshi" ba shi da ma'auni, kowane hannu da nasa. Shi ya sa gam masu ɗauke da asid ɗinsu, waɗanda ba a wankewa, suka sami karɓuwa daga ƙarshen shekarun 1990.

Zuwan haske

A farkon shekarun 1970 kamfanin L.D. Caulk ya fito da tsarin Nuva mai taurara da hasken ultrabayolet. Likita ya sami lokacin gyara siffar ciko yadda yake so kafin ya kunna fitila. Amma hasken ba ya ratsawa da zurfi, ga kuma fargabar illa ga ido da fata. Masana kimiyya na kamfanin ICI a Ingila suka samo mafita da sinadarin kamfokwinon, wanda ke farkawa da shuɗin haske mai tsawon zango wajen nanomita 470. A 1976 aka sa wa mutum irin wannan ciko karo na farko a makarantar haƙori ta Manchesta. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 fitilar halojin ta zama kayan aikin kowane asibitin haƙori a Turai da Amurka.

Haske ya kawo sababbin matsaloli biyu. Ƙarfinsa na raguwa yayin da yake ratsa ciko, don haka ƙasan rami mai zurfi kan zauna ɗanye ko da saman ya yi tauri. Daga nan aka sami ƙa'idar zuba ciko hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce milimita 2, a haska shi daƙiƙa 20 zuwa 40. Ta biyun ta fi wuyar gani: taurara cikin daƙiƙoƙi ba ta ba cikon damar malala ya rage jan da yake yi wa bango.

Masu bincike a Amsterdam, Davidson da de Gee da Feilzer, su suka warware wannan. A 1984 suka kwatanta abin da ke faruwa da ja-in-ja tsakanin ƙarfin gam da ƙarfin tsukewa. In gam ya yi rinjaye, haƙorin ne ke lanƙwasawa kaɗan, wani lokaci inamel ya tsage. In tsukewa ta yi rinjaye, gefe ya ɓalle. A 1987 suka nuna cewa siffar rami ce ke yanke hukunci. A ƙirga fuskokin da ciko ya manne musu, a raba da waɗanda ke sake. Ramin da ke tsakiyar saman turmi yana da bango huɗu da ƙasa ɗaya, sama kaɗai ke buɗe, ke nan 5 bisa 1, kuma nan ja ya fi tsanani. Cikon da ya maye gurbin karyayyen gefen haƙorin gaba yana da fuskoki sake da yawa, sai ya tsuke ta can ba tare da ya yaƙi gam ba. Wannan lissafi mai sauƙi ya fi yawancin na'urorin da aka sayar daga baya amfani.

Dabarun zubawa da gardamarsu

Kan wannan fahimta aka gina zuba ciko a karkace: kowane hawa ya taɓa bango ɗaya da ƙasa, kada ya haɗa bango biyu masu fuskantar juna. A Zurik, Lutz da Krejci da abokin aikinsu suka fito a 1986 da tsarin haskawa ta fuska uku, da zobe mai ratsa haske da ɗan tsinke mai kai haske gindin haƙori. Dalilinsu shi ne imanin da ya yaɗu cewa kwamfozit na tsukewa ne ya nufi inda haske yake, saboda haka in an haska daga gefe zai matsa ya rungumi bango. Tunanin na da daɗin ji. Sai dai a 1998 Versluis da Tantbirojn da Douglas na Jami'ar Minnesota suka nuna ta lissafin kwamfuta cewa inda ciko ya manne da inda yake sake su ke juya akalar tsukewa, ba wurin fitila ba. Shekara biyu kafin nan Versluis da abokansa sun ma nuna shakku kan cewa zubawa hawa-hawa na rage ja, domin kowane hawa na ƙara lanƙwasa bangon. Wasu gwaje-gwajen sun saɓa musu, kuma gardamar ba ta mutu ba. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne hawa-hawa na tabbatar da haske ya kai ƙasa.

Wuri mafi rauni shi ne gindin rami tsakanin haƙora biyu, kusa da dasashi. Nan inamel ya yi siriri ko ya ƙare, nan ya fi nisa da bakin fitila, nan kuma jini da yawu suka fi kutsowa. Don shi aka ƙirƙiro shimfiɗa gilas-ayonoma a ƙasa, simintin da Wilson da Kent suka bayyana a Landan a 1972, wanda ke kama dentin da kansa, sannan a rufe da kwamfozit. Daga 1996 kuma aka sami kwamfozit mai ruwa-ruwa da ke kwanciya a lunguna, ko da yake ya fi tsukewa.

Sauri ko sannu

Shekarun 1990 sun ga tafiya biyu masu saɓani. A 1991 Uno da Asmussen suka nuna cewa raunana haske da farko na inganta haɗuwar gefe, sai aka ƙera fitilu masu farawa da sanyi su ƙaru, da dabarar ɗan haskawa a dakata sannan a cika. A lokaci guda 'yan kasuwa na tallar fitilun filasma da na lesa da alƙawarin gamawa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Farawa a hankali ya yi kyau a ɗakin gwaji, amma bibiyar marasa lafiya ba ta nuna wani babban bambanci ba. Masu saurin kuwa sau da yawa sun bar ƙasan ciko bai nuna ba. Wani bincike da Barghi da abokansa suka yi a asibitoci masu zaman kansu a Texas a 1994 ya tona abin da ya fi duka muni: fitilu da yawa sun raunana ba tare da masu su sun sani ba, domin saman ciko kan yi tauri ko da haske bai isa ba.

Shuɗin LED mai ƙarfi da Shuji Nakamura ya ƙera a Japan a 1993 ya shigo aikin haƙori wajen shekarar 2000. Ba ya dusashewa da sauri kamar ƙwan halojin, kuma yana aiki da batir, abin da ke da muhimmanci a duk inda wutar lantarki ba ta da tabbas. A 2007 3M ESPE ta fito da Filtek Silorane, mai tsukewar da ba ta kai kashi 1 ba. A bakin mutane bai nuna fifikon da aka zata ba, kuma an daina sayar da shi. Daga wajen 2010 aka koma zubawa lokaci guda har zurfin milimita 4, da kwamfozit masu ratsa haske sosai da sinadaran rage ja, irin su SDR da SonicFill. Gwaje-gwajen asibiti na shekaru da dama sun same su kafaɗa da kafaɗa da na hawa-hawa.

A nan akwai abin lura game da yadda ake auna yoyo. Hanyar da aka saba ita ce a cika cirarrun haƙora, a riƙa tsoma su a ruwa mai digiri 5 da mai digiri 55 sau ɗaruruwa ko dubbai, a jiƙa su a rini kamar shuɗin metilin, a yanka a duba inda rini ya kai. Gwajin na da arha, shi ya sa aka buga shi ba adadi, kuma sakamakon wani ɗakin gwaji kan ƙaryata na wani. Ƙwayar rini ta fi ƙwayar cuta ƙanƙanta nesa, kuma yanka ɗaya ba ya nuna dukan gefe. Nazarin da Siegward Heintze ya yi ya sami alaƙa mai rauni tsakanin shigar rini da abin da ke faruwa a baki. Dogayen bibiya sun fi danganta lalacewar ciko da girman rami, da yawan ruɓa a bakin mutum, da cizon haƙora, da hannun likita.

Yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan rage amfani da zaiba, wadda Najeriya da Nijar ke cikinta, ta sa amalgam na janyewa. Tarayyar Turai ta hana shi daga 1 ga Janairun 2025, in ban da larura ta musamman. Kwamfozit ne ke gadar mafi yawan aikinsa, alhali ba ya yafe jiƙewa kamar yadda amalgam ke yi. Shi ya sa makarantun haƙori suka ƙara matsa wa ɗalibai kan shimfiɗar robar da ke killace haƙori daga yawu, wadda Sanford Barnum ya ƙirƙiro a New York tun 1864, da kuma auna ƙarfin fitila a kai a kai.