Gazawar Gwajin Nauyi wajen Tantance Ingancin Sifirin na Bawul ɗin Inji

Gwaji mafi sauƙi da ake yi wa sifirin mai naɗi shi ne a danne shi zuwa wani tsawo da aka ƙayyade, a auna nauyin da ya ɗauka. Tushen wannan gwaji ƙa'idar nan ce da Robert Hooke ya wallafa a 1678, cewa lotsawar sifirin tana tafiya daidai da nauyin da aka aza masa. Amfaninsa ba ƙarami ba ne, domin taurin sifirin ya rataya ƙwarai ga kaurin waya: kaurin ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, taurin ya ƙaru da kusan kashi 4. To amma matsayin wannan maƙala shi ne, gwajin nauyi siffar sifirin kawai yake tabbatarwa, ba ya faɗar tsawon ransa.

A duba sifirin na bawul. Inji mai bugu huɗu da ke juyawa sau 3,000 a minti yana danne shi sau 1,500, wato sau 90,000 a awa, sau miliyan 10 cikin awa 111 kacal. Irin wannan sifirin gajiyar ƙarfe ke karya shi. Tsagewar takan soma daga fatar waya, galibi ta cikin naɗi, inda A. M. Wahl ya nuna tun 1929 cewa nan damuwar ƙarfe ta fi taruwa. Ɗan ƙarzanen da injin naɗi ya bari, ko tabon tsatsa, ya isa ya zama mafari. Shi ya sa bayan naɗi ake gasa sifirin don sassauta damuwar da lanƙwasa ta bari, a goge bakunansa su zauna daram, sannan a yi masa ruwan ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke matse fatar wayar har tsagewa ta rasa wurin buɗewa. Abin damuwa a nan, sifirin da aka tsallake masa wannan mataki na ƙarshe zai iya cin gwajin nauyi lafiya lau, kamar ɗan'uwansa da aka gama wa aiki.

Masu ƙera sifirin za su ce gwajin gajiya yana cin lokaci da kuɗi, kuma sai an lalata abin da ake gwadawa. Gaskiya ne: ko da na'ura mai dannawa sau 50 a daƙiƙa, sai an wuce awa 55 kafin a kai miliyan 10. Sai dai ba kowane sifirin ake nufin a gwada ba. 'Yan samfura daga kowane rukunin waya sun wadatar, muddin ana sa ido kan matakan ƙirar kansu. Na'urar maganaɗisu tana gano aibin fatar waya tun kafin naɗi, ana iya rubuta zafin tanda da daɗewar gashi, kuma wani ɗan fallen ƙarfe mai suna fallen Almen, da ake sakawa tare da sifirin lokacin harbin ƙwallaye, gwargwadon lanƙwasarsa ke nuna ko harbin ya kai ƙarfin da ake bukata.