Yazawar Sangere: Bishiyar da Fari Ya Kawo

Kai da ke kora shanu ko kake safarar kaya ta kudancin Garwa, ka taɓa tambayar wa ya dasa tsofaffin itatuwan yazawan nan na Sangere? To, ga labarinsu.

Yazawa, wadda wasu ke kira kashu, baƙuwa ce. Asalinta ƙasar Barazil, Turawan Fotugal ne suka tsallako da ita Afirka da Indiya a ƙarni na 16. Mu nan arewacin Kamaru fari ne ya ba ta matsuguni. Dattawa ba su manta da farin 1973 ba, lokacin da rijiyoyi suka ƙafe, garkuna suka ƙare. Bayansa gwamnatin Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, ta fito da shirin dashen itatuwa mai suna Sahel Vert don tare hamada, kuma a 1975 aka dasa yazawa a Sangere.

Me ya sa nan? Ita yazawa jigawa take so, ƙasa mai yashi da zurfi wadda ruwa ba ya kwana a kanta. Ka kai ta laka inda ake dasa maskuwari, saiwarta ta ruɓe. Ruwan Garwa, kimanin milimita 1,000 a shekara, ya ishe ta, kuma doguwar rani ce ke ba ta damar fure. A bar taku goma tsakanin dashe da dashe, cikin shekara uku zuwa biyar ta fara 'ya'ya.

Sai dai an dasa, an juya baya. Ƙasar Kwadebuwa kuwa ta riƙe tata da kyau, yau ita ce kan gaba a duniya wajen ɗanyen kashu. Daga baya kamfanin auduga na Sodecoton ya shiga raba wa manoma dashe.

Ga inda zancen ya shafe ka. Jigawar da yazawa ke so, ita ce sau da yawa burtalinka ya ratsa. Gonar dawa takan buɗe wa shanu bayan girbi, ta yazawa kuwa shekara da shekaru take a killace. Ƙaramin dashe ba ya jure haƙorin dabba, babba ma wutar daji na cinye furensa.

Don haka tun ba a haƙa rami ba, ku zauna: arɗo, jauro da manomi, a shata burtali da hanyar mashaya gaban shaidu. Ɗan kasuwa ya samu buhu, makiyayi ya samu hanya. Allah ya ba mu zaman lafiya.