Man Zaitun Mai Folifenol: Abin da Bincike Ya Nuna Kan Lafiya

Man zaitun ana matse shi ne daga 'ya'yan itacen zaitun, wanda ya fi yawa a ƙasashen da ke kewaye da Tekun Bahar Rum, kuma Sifaniya ce ke kan gaba a duniya wajen samar da shi. Sai dai ba kowane man zaitun ne ke da amfani iri ɗaya ba. Bambancin yana cikin wasu sinadarai da ake kira folifenol, waɗanda itacen ke samarwa don kare kansa.

Waɗannan sinadarai ne ke sa man ya yi ɗan ɗaci, ya kuma yi yaji a maƙogwaro. Sun fi yawa a man da aka matse da inji ba tare da zafi mai tsanani ba, musamman daga 'ya'yan da ba su gama nuna ba. Irinsa ne ake rubuta wa "Extra Virgin" a jikin kwalba. Man da aka tace a masana'anta kuwa, tacewar kan kwashe kusan dukkan folifenol ɗinsa.

A shekarar 2012 Tarayyar Turai ta amince a rubuta a jikin kwalba cewa folifenol na man zaitun yana taimakawa wajen kare kitsen da ke cikin jini daga lalacewa. Lalataccen kitse na daga cikin abubuwan da ke taruwa su toshe jijiyoyin jini. Sharaɗin shi ne kowane giram 20 na man ya ƙunshi aƙalla miligiram 5 na sinadarin haidiroksitirosol da danginsa, mutum kuma ya sha giram 20 a rana, wato kimanin cokali ɗaya da rabi na cin abinci.

Binciken EUROLIVE, wanda aka wallafa a 2006, ya gwada maza 200 masu lafiya a ƙasashen Turai biyar. An ba su man zaitun iri uku, aka ga cewa gwargwadon yawan folifenol a man, gwargwadon ƙaruwar kolestarol mai amfani a jininsu.

Mafi shahara shi ne binciken PREDIMED na Sifaniya, wanda ya ƙunshi mutum 7,447 masu shekaru 55 zuwa 80 da ke cikin haɗarin ciwon zuciya. Waɗanda suka bi tsarin abincin Bahar Rum tare da wannan mai sun samu raguwar kusan kashi 30 cikin 100 na bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da mutuwa sanadiyyarsu, idan aka kwatanta da waɗanda aka ce su rage maiƙo kawai. An janye rahoton 2013 saboda kura-kurai wajen rarraba mutanen, aka sake wallafa shi a 2018 da sakamako kusan iri ɗaya. Amma tsarin abinci gaba ɗaya aka gwada, wanda ya haɗa da ganye, wake, kifi da 'ya'yan itatuwa.

Wannan ya shafi masu sayen ƙananan kwalabe a shagunan magungunan gargajiya na Arewa suna sha a matsayin magani. Man zaitun abinci ne, ba ya maye gurbin maganin hawan jini ko na ciwon sukari da likita ya rubuta. Cokali ɗaya yana ɗauke da kusan kalori 120, don haka amfaninsa yana fitowa ne idan ya maye gurbin kitsen dabbobi, ba a ƙara shi a kansa ba.

Haske, zafi da iska suna cinye folifenol a hankali. Saboda haka kwalba mai duhu, sabon kaya, da ajiya a wuri mai sanyi a rufe ruf su ne ke kiyaye abin da mai saye ya biya kuɗinsa dominsa.