Shugabancin Masu Sana'a a Ƙasar Bodinga da Shagari

Shugabannin jihadi, tun zamanin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, yake zaune a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa yana Bodinga, ba su ɗauki sha'anin sana'a abin da za a bar wa ƙaddara ba. Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina, ya lissafa kula da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa cikin wajiban mai mulki, har ya yi umurni a zaunar da su a kowane gari, domin alƙarya ba ta tsayuwa sai da su.

To, amma a da, wanda yake riƙe da ragamar koyarwa a garuruwa irin su Mandera ba alƙali ba ne, ba kuwa hakimi ba, sarkin sana'a ne. Sarkin Maƙera, alal misali, shi yake karɓo aikin fada ya raba, shi yake tara abin da aka aza wa jama'arsa, shi yake sulhunta maigida da yaronsa idan husuma ta taso, kuma in an kawo ƙarar fartanyar da aka yi wa algus, gabansa ake ajiye ta. Ko da yake sarautar takan bi gida, babu mai hawanta face ya fara da zuga yana yaro, ya riƙe awartaki, ya ɗaga masaba shekara da shekaru, har ya zamana da jin amon ƙarfe a kan uwar maƙera ya san ko almajiri ya ƙware ko da saura. Tarbiyyar shugaba da ta almajiri, ashe, hanya guda suke bi.

Da boko ya zo, Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya sanya sashen sana'o'i a makarantarsa ta Nasarawa a Kano, wadda aka buɗe a 1909, daga baya kuma aka kafa hukumar ilmin fasaha ta ƙasa a Kaduna a 1977. A zamanin Alhaji Shehu Shagari, ɗan ƙasar Shagari, wanda shi kansa malamin makaranta ne kafin siyasa, aka fara tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982, da nufin kowane yaro ya koyi aikin hannu a ƙaramar sakandare. Niyya ta yi kyau, haƙiƙa, aka kuwa sayo injuna daga Turai, sai dai shugaban makarantar da aka danƙa wa amanarsu, galibi takardar shaida ce ta kai shi kujerar, bai taɓa riƙe zarto ba, ga ƙarancin malamai, ga rashin lantarki, saboda haka da yawa daga cikin injunan suka yi tsatsa a akwatunan da suka zo ciki.