James Webb da Tafiya Duniyar Wata

Duk wanda ya zauna a ajin kimiyya ya san Neil Armstrong, wanda ya fara taka duniyar wata ran 20 ga Yuli, 1969. Amma kaɗan ne suka san mutumin da ya haɗa kuɗi da ma'aikata da tsarin da suka kai shi can. Sunansa James Webb.

An haifi Webb a 1906 a Jihar North Carolina ta Amurka. Ilmin koyarwa ya fara karantawa, sa'an nan lauya, don haka shi ba masanin kimiyya ba ne. Ya riƙe ofishin kasafin kuɗin gwamnati zamanin Shugaba Truman daga 1946 zuwa 1949. A watan Fabrairun 1961 Shugaba Kennedy ya ɗora shi a kan hukumar binciken sararin samaniya, wato NASA. Bayan wata uku Kennedy ya yi alkawari gaban majalisa cewa Amurka za ta kai mutum wata ta dawo da shi lafiya kafin 1970, domin Tarayyar Sobiyet ta riga ta tura Yuri Gagarin ya kewaya duniya.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙarƙashin Webb aikin ya kai yana cin mutum kusan 400,000 a masana'antu da jami'o'i, kuma a 1966 hukumar NASA ta lashe fiye da kashi 4 cikin ɗari na kasafin gwamnatin tarayya. Kowace shekara sai ya je majalisa ya kare wannan kuɗi. Har mu nan aikin ya taɓa mu, domin Kano na cikin wuraren da NASA ta kafa tashoshin bin sawun kumbo, kuma tashar ta yi aiki ranar da John Glenn ya kewaya duniya a 1962.

Webb bai yarda tseren wata ya haɗiye binciken kimiyya ba. A Nuwamban 1962 ya ja da Kennedy ido da ido a kan haka. A zamaninsa Mariner 2 ya wuce kusa da Zahra, Mariner 4 kuma ya aiko da hotunan Mirrihi a 1965.

Ranar gwajin shugabancinsa ita ce 27 ga Janairu, 1967, lokacin da gobara ta tashi cikin kumbon Apollo 1 a wurin gwaji, ta kashe Gus Grissom da Ed White da Roger Chaffee. Webb ya nemi Shugaba Johnson ya bar hukumar ta binciki kanta, ya tsaya gaban majalisa ya sha tambaya da zargi, aka sake fasalin kumbon, aikin bai rushe ba. Ya sauka a Oktoban 1968, saura wata tara a cika alkawarin. Wani ne ke kan kujerar ranar tafi.

Ya rasu a 1992. A Disamban 2021 aka harba babban madubin hangen taurari mai ɗauke da sunansa.

Da yawa cikinmu yau muna riƙe da ma'aikatu da asibitoci da makarantu, ƙwararru suna ƙarƙashinmu. Hanyar Webb ita ce ya samo musu kayan aiki, ya bar su da saninsu, ranar masifa kuma ya tsaya a gaba. Wanda ya riƙe amana haka, ko an manta da shi ranar biki, aikin ba zai manta ba.